Tsohuwar kwalbar madara: yadda ake gano shekarunta da wanda ya yi ta

A Maradi madara ba ta saba da kwalba ba. A ƙwarya take zuwa daga ruga, da ludayi ake auna ta, kuma da zamani ya juya sai ta faɗa leda da roba, ta tsallake gilashi kusan gaba ɗaya. Saboda haka duk tsohuwar kwalbar madara da ta ɓullo a garin nan, ko wajen haƙar tushen gini, ko a ƙuryar ɗakin wata dattijuwa cike da man shanu, ko a tarin masu sayar da kwalabe a kasuwa, baƙuwa ce. Wata masana'anta ce ta zuba ta a wata ƙasa, wani kamfanin madara ya saye ta, sannan wata hanya ta kawo ta. Mai tambayar shekararta nawa tambaya uku ya haɗa: yaushe aka yi ta, yaushe ta iso, yaushe aka daina aiki da ita. Tambarin da ke gindinta ta farkon kaɗai yake amsawa, ita ɗin ma sai da shaidu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kife kwalba, a ga lamba 38, a ce ai ta 1938 ce. Mafi yawan lambobin gindin kwalba na mazubi ne, wato ƙarfen da ake zuba narkakken gilashi a ciki ya ɗauki siffa. Masana'anta na jera mazubai da yawa a kan inji ɗaya, kowanne da lambarsa, domin in kwalabe suka fara fitowa da aibi a san wanda za a cire. Shi ya sa wanda ya san aikin yake barin tambari sai ƙarshe, bayan jikin kwalbar ya riga ya nuna tsakanin shekarun da zai yiwu.

Da farko ma a tabbatar ta madara ce. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira haka a nan kwalaben ƙarin ruwa ne na asibiti. Ana gane su da ma'aunin da ke jikinsu, wanda sau da yawa lambobinsa a kife suke saboda kife ake rataye su, da kuma ɗan ƙaramin baki na toshiyar roba. Idan gindin na ɗauke da SGD, aikin tsohon reshen Saint-Gobain ne, kamfanin gilashi na Faransa, mai yin kwalaben magani da na turare. Kwalbar shayar da jariri ita ma tana da ma'auni, amma ba ta cika wuce mililita 250 ba. Wadda kuma aka rubuta mata FEDERAL LAW FORBIDS SALE OR RE-USE OF THIS BOTTLE ta barasa ce daga Amurka, tsakanin 1935 da 1964.

Ta madara ta ainihi iri biyu ce. Akwai mai faɗin baki da gajeren wuya, ta madarar da aka ɗan dafa don kashe ƙwayoyin cuta, wadda a da ake kai wa gidaje kowace safiya a Turai da Amurka, a dawo da kwalbar a wanke. Akwai kuma doguwa mai siririn wuya da marfin ƙarfe irin na kwalbar lemo, ta madarar da aka dafa sosai a cikin kwalbar bayan an rufe, mai jure watanni ba tare da sanyi ba. Bambancin yana da muhimmanci ga Maradi. Ta biyun ce kaɗai za ta iya ratso teku da jirgin ƙasa da mota ta iso kantunan Turawa da madararta lafiya. Ta farkon kwana kaɗan madararta ke yi, don haka wayam ta zo, a cikin kayan wani ma'aikacin bariki ko ɗan mishan, ko daga baya can a kwantenar gwanjo ta hanyar Kwatano. Shi marfin lemon William Painter ya yi masa rajista a Amurka a 1892, saboda haka kwalba mai irin bakinsa ba ta riga wannan shekara ba.

Wanki na da ƙa'ida, don a nan ake asarar kwalabe. Kwalbar da ta sha rana kada a tsoma ta a ruwan randa, mai sanyi kuma kada a zuba mata tafasasshe. Gindinta ya fi jikinta kauri, ba sa buɗewa tare, sai ta tsage daga ƙasa. A bar ta a inuwa ta huce, a jiƙa ta kwana ɗaya a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu, a zuba cokali biyu na ɗanyar shinkafa a ciki a girgiza. Farin dattin da ya daskare ruwan lemun tsami ko na tsamiya na narkar da shi. Yashi da soson ƙarfe suna karce gilashi, suna kuma cinye fenti. Idan bayan duk wannan wani hazo mai walƙiyar launuka ya ƙi fita, ba datti ba ne, danshin ƙasa ne ya ci fuskar gilashin, kuma ba ya wankuwa. Kada a sha komai a cikinta: ba a san me ta riƙa ba, kalanzir ko maganin ƙwari, kuma tsohon fentin jikin kwalba yakan ƙunshi dalma.

Shaida ta farko mai ƙarfi ita ce abin da take ci, domin shi ke nuna ƙasa. Fayint na Ingila mililita 568 ne, na Amurka 473. Kwat na Amurka 946 ne, na Ingila ya haura lita, wajen 1136. Faransa da maƙwabtanta lita suke yi da rabin lita da kwata. Ledar ruwa ta santilita 50 na ba da haske nan take: a rabin litar Faransa ruwan zai tsaya a wuya daidai inda madara ke tsayawa, a fayint na Ingila zai gaza, a na Amurka zai cika taf. Amma ledojin ba su cika daidaito ba, don haka sikeli ya fi. A auna kwalbar wayam, a cika ta da ruwa zuwa ɗan ƙasa da baki, a sake aunawa, kowane giram na ƙari mililita ɗaya ne. Ƴar ƙarama mai cin 189, sulusin fayint ke nan, ta ƴan makaranta ce a Ingila, inda aka mayar da madarar makaranta kyauta a 1946. Nauyin kwalbar kanta ma magana ne: fayint na Ingila na farkon ƙarni na 20 yakan kai rabin kilo, na baya-bayan nan wajen rabin haka.

Sai layin haɗi. Wanda ya taɓa shafa tukunyar alminiyam ta ƴan zubi ya san siririn tudun da ke fitowa inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Kwalba ma haka take. A bi layin da farce daga gindi zuwa sama. Idan ya ɓace a wuya, bakin kuma yana da ƴan zane-zane a kwance kamar an murza shi, da baki aka hura kwalbar a mazubi sannan aka gyara leɓen da hannu. Ga kwalbar madara wannan na nufin ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, kuma samun irinta a Maradi abu ne mai wuyar gaske. Idan layin ya hau har saman leɓe, aikin inji ne.

A nan akwai tarkon da ke kama har waɗanda suka ɗan iya. Mafi yawan kwalaben madara masu faɗin baki an yi su ne da injin da ke fara danna gilashin a mazubi na farko ya fitar da baki, sannan a tura shi mazubi na biyu a hura jikin. A irin waɗannan ma layin tsaye yakan dushe a wuya, sai mutum ya ɗauka aikin hannu ne ya ƙara mata shekara talatin. Abin da ke raba gardama yana gindi: wani ɗan zagaye mai tsabta, faɗin santimita ɗaya zuwa biyu, kusa da tsakiya. Sawun ƙarfen da ya turo gilashin daga mazubi na farko ne. Akwai kuma layi a kwance da ya zagaye leɓen. Duk inda aka ga waɗannan biyu, kwalbar ta inji ce, kuma zamaninta daga farkon shekarun 1900 ne zuwa na 1940, a wasu wurare har gaba da haka. Wannan ɗan zagayen ba tabon sandar da mai hura kwalba da baki ke riƙe ta da ita ba ne. Shi wancan kaifi gare shi, kuma an daina barinsa tun kafin a fara zuba madara a kwalba.

Wani tabon daban shi ne na injin Michael Owens, wanda aka ƙera a 1903. Injin na zuƙo gilashi daga tukunya, wuƙa ta yanke shi, sai ya bar babban zagaye mai gashi-gashi a gefensa, wanda ba ya zama a tsakiya, wani lokaci har ya hau gefen gindi. A kwalaben madara na Amurka an fi ganinsa daga 1905 zuwa tsakiyar shekarun 1920. Gindi mai ƙurji-ƙurji kamar an yayyafa masa tsaki ya fara daga 1940, an yi shi ne don kada gindin ya tsage in ya sauka da zafi a kan bel mai sanyi. Jerin ɗigo-ɗigo a gefen gindi kuwa, wanda na'ura ke karantawa ta gane mazubi, na shekarun 1970 ne zuwa yau. Kumfar iska a cikin gilashi kada a dogara da ita. Tsofaffi na da ita, masu kwaikwayo ma suna saka ta da gangan.

A sa yatsa a cikin bakin. Idan akwai ɗan gurbi da ya zagaye ciki, wurin zaman marfin kwali ne. Hervey Thatcher na garin Potsdam a jihar Niyok ya fito da kwalbarsa mai marfin gilashi da waya a 1884, gurbin kwalin kuma an yi masa rajista a 1889, ya zama abin yayi na shekaru sittin. A Amurka faɗinsa da aka fi sani milimita 56 ne, daga baya baki ya yi ta ƙanƙancewa. Leɓe mai dunƙule ba gurbi na marfin takardar alminiyam ne, wanda ya maye gurbin kwali a Ingila wajen tsakiyar ƙarni na 20. Siffa ma haka: mai ƙullutu a wuya don tara maiƙon madara an yi mata rajista a 1925, mai kusurwa huɗu ta bazu daga tsakiyar shekarun 1940 don ta fi shiga firji da akwati, gajeriyar mai ƙiba ta Ingila ta 1980 ce. Rubutun fenti da aka gasa a jikin gilashi ya fara wajen 1933 zuwa 1934. Kafin nan rubutu mai tudu ne, galibi a cikin wani zagaye a gaban kwalbar, domin faranti ne ake sauyawa a mazubi ɗaya a yi wa kamfanoni da yawa aiki.

Launi shaida ne mai rauni amma yana da amfani. Daga shekarun 1880 zuwa wajen 1920 da sinadarin manganis ake kashe koren da ke cikin gilashi ya fito fari. Irin wannan gilashin in ya daɗe a rana sai ya koma ruwan shuɗi mai ja-ja, kuma ranar Maradi ba ta jinkiri a wannan aikin. Wanda ke binne ba ya sauyawa, amma fitilar duba jabun kuɗi na nuna shi a duhu da ɗan hasken kore mai rawaya. Bayan manganis aka koma seleniyam, mai barin ɗan ruwan zuma a inda gilashin ya yi kauri. Shuɗi-ja mai duhu ƙwarai, mai bai ɗaya daga baki har gindi, abin tuhuma ne, don akwai masu haska kwalba da na'ura ta yi launin.

Yanzu an iso tambari. A neme shi a gindi da kuma gefen gindi, inda jiki ya lanƙwasa. A shiga ɗaki mai duhu a kwantar da tocilar waya daga gefe, ba daga sama ba, haruffan za su yi inuwa. In sun goge, a ɗora siririyar takarda a goga fensir a kwance. Akwai sunaye har uku da kan haɗu a kwalba ɗaya, kuma rikita su ne ke ɓatar da mutane: na masana'antar gilashi, ƙarami ne a ƙasa, na kamfanin madara, babba ne a jiki, wani lokaci da babban harafinsa a gindi don a ware kwalabensa wajen wanki, sai na mai rajistar samfuri.

Tambarin da ya fi kowanne sauƙin karatu shi ne na Owens-Illinois ta Amurka, wadda aka kafa a 1929: harafin I a cikin O, an ɗora su kan wata siffa mai kusurwa huɗu a kwance. Lambar hagu ta masana'anta ce, misali 17 ta garin Clarion ce a Fensilbaniya, wadda ta shahara da kwalaben madara. Ta dama ita ce shekara. Ta ƙasa ta mazubi. A shekarun 1930 lamba ɗaya ake sa wa shekara, 4 na nufin 1934. Da 1940 ta zo sai rikici ya tashi, aka riƙa sa ɗigo bayan lambar, daga baya aka koma lamba biyu. Ɗigon yakan ɓace a cikin ƙurjin gindi, wasu mazuban ma ba a sa musu ba, don haka ake neman mai raba gardama: kalmar Duraglas da kamfanin ke rubutawa a kwalabensa da ƙurjin gindi duka daga 1940 suka fara. A 1954 kamfanin ya cire mai kusurwa huɗun ya bar I a cikin O kawai, sai dai tsofaffin mazubai sun ci gaba da aiki wasu shekaru, shi ya sa tsohon tambari da lamba 57 ba saɓani ba ne. Kamfanin Thatcher yana sa MTC daga 1923 zuwa farkon shekarun 1950, da shekara lamba biyu a gindi. L52 na Lamb Glass ne, BB48 na Berney-Bond wanda Owens-Illinois ta saye ta ci gaba da sa alamar. Wannan 52 da 48 lambar rajistar kamfani ce, ba shekara ba, kuma sun sha yaudarar mutane.

Na Turai ba su da wannan sauƙin, alhali su suka fi yiwuwa a nan, na Faransa ta hanyar mulki, na Ingila ta Kano da Katsina da Jibiya. UGB haɗakar masana'antun Ingila ce da aka kafa a 1913, tambarin ya yi aiki har ƙarshen shekarun 1960, lambobin gefensa galibi na mazubi ne. FGC na Forsters ne da ke St Helens. A Faransa akwai SG na Saint-Gobain, da VMC na birnin Rans (Reims), sunan BSN kuma bai wanzu ba sai 1966. Irin waɗannan suna ba da iyaka ne mai faɗi, sai a ƙuntata ta da wasu alamu. Mafi amfaninsu ita ce wata alama mai kama da lamba 3, tare da adadin santilita da wasu milimita a gefen gindi. Dokar Tarayyar Turai ce ta tsakiyar shekarun 1970 ta kawo ta, saboda haka mai ɗauke da ita ba ta ga zamanin mulkin mallaka ba ko da mai sayarwa ya rantse.

Rubutun kamfanin madara kan cike giɓin. Unigate ta Ingila ta samu ne a 1959 daga haɗewar United Dairies da Cow & Gate. Adireshin Faransa mai lambar gidan waya biyar daga 1972 ne, na Amurka mai biyar daga 1963. Lambar tarho mai guda uku ko huɗu tsohuwa ce. Shekarar da ke biye da PAT. ko kalmar DÉPOSÉ ta rajistar samfuri ce, an iya ci gaba da zuba kwalbar shekara ashirin bayanta, ita kuwa shekarar da ke biye da SINCE ko DEPUIS ta kafa kamfani ce kawai.

Ƙa'idar haɗa shaidun ɗaya ce: alamar da ta fi ƙuruciya ita ke yanke hukunci. A ɗauki kwalba mai kusurwa huɗu, mai cin mililita 946, da jan rubutun fenti, da PAT. 1925 a jiki, da tsohon tambarin Owens-Illinois mai 17 a hagu da 6 a dama, da Duraglas a gefen gindi. Abin da take ci ya ce Amurka. 1925 ta rajista ce, a ajiye ta. Fenti ya ce bayan 1933. Lamba 6 ta bar 1936 ko 1946, Duraglas da kusurwa huɗu suka kore ta farkon. Ta 1946 ce, daga Clarion. Da shaida ɗaya ta ƙi jituwa da sauran, sai a koma a sake karanta tambarin, don 6 da 8 da 9 suna kama a gogaggen gilashi.

Inda aka same ta na amsa sauran tambayoyin biyu. Cinikin gyaɗa ne ya jawo kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA, kuma bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 garin ya tashi daga fadama ya hau tudu. Kwalbar da ta fito daga tsohon juji a ƙasan gari, gauraye da fasassun tangaran da gwangwanaye, tana iya riga wannan shekara. Wadda ta fito a tushen gida a unguwannin tudu an yar da ita ne bayan nan, ko da an yi ta tun da can, domin a nan ba a yar da kwalba da wuri. Tana yin shekaru tana auna man gyaɗa ko zuma, in ta fashe ta hau katanga. Ko ɓallin gindin da aka ciro daga katangar ya isa karatu in tambarin na kai. A rubuta wurin da zurfin ramin da abin da ke tare da ita tun kafin a wanke.

Kwalaben ado na kwaikwayo sun shigo kasuwa tare da kayan kicin, masu hoton saniya da wata tsohuwar shekara a jiki. Ba su da nauyi, gilashinsu tas yake, gefen gindinsu na da ɗigon na'ura, fentinsu kuma farce ko isansi na ɗaga shi, abin da gasasshen fenti na ainihi ba ya yi. Kwalbar da ta yi aiki tana da gogewa a wurare biyu: zoben gindi da ke taɓa ƙasa, da mafi faɗin kafaɗa inda take gugar ƴan'uwanta a akwati da injin wanki. Karcen nan ta ko'ina yake tafiya, kuma saman haruffa masu tudu ya fi kwarinsu dushewa. Wanda aka yi da takardar yashi gefe ɗaya yake bi, ya kuma shiga har lungunan da akwati ba ya taɓawa.